Yadda Ake Musanya Modul na Gaske da na Bogi Lokacin Gwaji a OCaml da Elixir

Mu ɗauka kun rubuta wani fankshin, wato ƙaramin yanki na shirin kwamfuta, da aikinsa shi ne ya duba ko wa'adin tikitin shiga manhaja ya ƙare, tikitin da ke aiki na minti 30 kacal. Kafin ya yanke hukunci, dole ya tambayi agogon kwamfuta. Daga nan wahalar gwaji take farawa, domin babu mai son zaman rabin awa yana jiran wa'adi ya cika kafin ya san ko abin da ya rubuta daidai ne.

Harsunan rubuta manhaja da aka gina bisa fankshin, irin su OCaml da Elixir, suna alfahari da fankshin mai tsabta, wato wanda idan aka ba shi abu iri ɗaya sau dubu, amsa iri ɗaya zai mayar sau dubu. Agogo ba haka yake ba, haka ma intanet da rumbun bayanai. Saboda haka ake cire su daga cikin aikin, a miƙa wa fankshin agogonsa daga waje, ta yadda a lokacin gwaji za a ba shi agogon bogi wanda muke juya wa hannu yadda muka ga dama.

OCaml, wanda ya fito daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa a shekarar 1996, yana da hanyar yin wannan a cikin harshen kansa. Da farko ana rubuta yarjejeniya da ke cewa duk modul, wato tarin fankshin da aka haɗa wuri guda, da yake so a kira shi agogo dole ya kasance da fankshin mai faɗin lokacin yanzu a daƙiƙu. Sannan a rubuta mai duba tikitin a matsayin fankta, wato modul da ke karɓar wani modul ya haifar da sabo. A manhajar gaske ana ba shi agogon da ke kiran Unix.gettimeofday, fankshin mai karanta agogon kwamfuta, a gwaji kuwa ana ba shi wanda ke mayar da lambar da muka zaɓa.

Ga misali. An bayar da tikiti a daƙiƙa ta 1000, kuma minti 30 daƙiƙa 1800 ne, don haka wa'adin zai cika a daƙiƙa ta 2800. Muna tsayar da agogon bogi a 2799, sannan 2800, sannan 2801. Gwajin tsakiya shi ne mai tona asiri, domin shi ke nuna ko mai rubutu ya bambance "ya kai" da "ya wuce". Idan kuma agogon bogin ya saɓa wa yarjejeniya, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shirin zuwa harshen na'ura, ba za ta ma yarda ta haɗa shi ba.

Elixir ba shi da fankta, amma yana da yarjejeniyar halayya da ake rubutawa da @callback, sannan fayil ɗin saiti ya zaɓi modul ɗin da za a yi aiki da shi a kowane yanayi. Masu Erlang, harshen da aka gina Elixir a kansa, sun daɗe suna amfani da wani kayan gwaji mai suna meck, wanda ke tuɓe modul na gaske ya ɗora na bogi a madadinsa a duk faɗin tsarin, abin da ke sa gwaje-gwajen da ke gudana lokaci guda su taka ƙafar juna. José Valim, wanda ya ƙirƙiro Elixir, ya soki irin wannan salo a 2015, inda ya ce bogi abu ne da ake ƙerawa a miƙa, ba aiki ne da ake yi wa modul mai rai ba. A kan wannan ra'ayi aka gina Mox, kayan gwaji na Elixir, wanda ba ya yarda a kwaikwayi fankshin da babu shi a yarjejeniya, kuma yake ajiye umarnin kowane gwaji daban da na sauran.

A ganina, iyakar shiri kaɗai ta cancanci bogi, wato agogo, intanet da makamantansu. Kwaikwayon fankshin mai tsabta ɓata lokaci ne, tunda ana iya kiransa kai tsaye. Kuma bogi bai san komai ba sai abin da kuka faɗa masa. Idan sabar da kuke kira ta canza sunan wani fili a amsarta, duk gwaje-gwajen bogi za su ci gaba da nuna kore, wato alamar komai lafiya, don haka sai an ware wasu 'yan gwaje-gwaje da ke kiran sabar ta gaske, ko da sau ɗaya ne a rana.