Minti Uku A Bakin Famfo: Darasi Ga Masu Jinya

Masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau da masu jinya nake, ke da kike kwana a gefen gadon mahaifiyarki, da kai da kake ɗaga mahaifinka zuwa banɗaki sau uku kafin gari ya waye. Duk wanda ya shigo dubiya "ya mai jiki" yake cewa, da wuya a tambayi wanda ke tsaye a kansa.

Gajiyar jinya ba a ƙafa da baya kaɗai take ba. Hankali ne ba ya zama wuri ɗaya. Hannunki na ba da maganin safe, zuciyarki ta riga ta tafi wurin na dare, ta wuce ranar komawa asibiti, ta kai ga "in jikin ya tashi fa?" Jiki kuwa ba ya rabe haɗarin da ke gabansa da wanda ake saƙawa a rai. Sai ya dinga sakin adirenalin da kotisol, sinadaran da yake fitarwa lokacin fargaba, zuciya ta yi ta bugawa, kafaɗu su ɗaure, barci ya ƙi zuwa ko da mara lafiyar ya samu nasa.

A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya fara koya wa marasa lafiya a asibitin jami'ar Masacusets ta Amurka yadda ake dawo da hankali kan abin da ake ciki yanzu. Shirinsa mako 8 ne, kullum minti 45. Na san wasunku sun yi dariya. Minti 45 a ina? To, mu minti uku kawai muke nema, kuma a bakin famfo za mu same su, tunda ba wanda ya kai mai jinya wanke hannu.

Minti na farko, wanke hannun kawai. Ji sanyin ruwan, ji santsin sabulu tsakanin yatsu, ji ƙafarki a ƙasa. Tunani zai gudu, dole ne. Ki dawo da shi ba faɗa, kamar yadda ake kamo hannun ƙaramin yaro.

Na biyu numfashi ne. A ja ta hanci ana ƙirga 4, a sake a hankali ana ƙirga 6. Sakin ya fi jan tsawo, domin lokacin fitar numfashi ne bugun zuciya ke sassautawa. Sau 6, minti ya cika.

Na uku shi ne mai wuyar. Tambayi kanka, me nake ji? Kuma ka faɗi gaskiya. Haushi ne? Ka ce haushi nake ji. Mutane da yawa nan suke cijewa, wai ta yaya zan ji haushin wadda ta haife ni, tana kwance? Sai kunya ta hau kan haushin, kaya ya zama biyu. Ni a ganina, wanda ya yi wata uku barcinsa a gutsure, in ransa ya ɓaci ba ƙiyayya ba ce, barci yake bin bashi. Haushin da aka kira sunansa a bakin famfo ya fi sauƙin riƙewa a kan wanda zai fita a tsawa a gaban gado.

Amma fa numfashi ba ya ɗaga mara lafiya. In ɗan'uwa ya ce "in da abin da ake buƙata a faɗa," kada a ce ba komai. A ba shi rana da lokaci: Talata, ƙarfe 4 zuwa 6, ka zauna da Baba, zan kwanta. In kuma ƙunci ya kai mako 2 bai ɗaga ba, abinci ya fita a rai, ko tunanin cutar da kai ko mara lafiyar ya fara zuwa, wannan na likita ne, kada a jira.

To, mu gwada tare. A sauke kafaɗu. A ja: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A sake, sannu sannu, har shida.