Kurufa da huffi: abin da baduku ke dubawa kafin ado

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, malamai, 'yan uwa ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ta Katsina ranar hawan Sallah, ko ya je Daura kallon hawan Gani, ya san inda ido ke fara sauka: rawani, alkyabba, kwalliyar doki. Ni ƙasa nake so mu duba yau, wato ƙafar mahayin da ke cikin likkafa. Dogon takalmin nan na fata da ke haurawa har gwiwa, wani ma ya wuce, shi ne kurufa. An yi shi ne don ya tsare ƙwauri daga gugar tsarkiyar likkafa da ƙaya da gumin doki. Shi ya sa ƙasansa ba ta da kauri, don mahayi ya riƙa jin likkafa a tafin ƙafarsa, kuma a dunduniyarsa ake ɗaura kaimi. Wanda ya sa kurufa ya tafi kasuwa a ƙasa, shi ya jiyo.

Sana'ar ba ta jiya ba ce. Tun ƙarni na 16 wani matafiyi mai suna Hasan al-Wazzan ya rubuta cewa takalman Gobir, maƙwabtanmu, har Tumbutu da Gao ake kai su.

To amma aikin daga majema yake farawa, baduku na biyu ne. A jiƙa fatar akuya a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka. A nan ake gane gwani. In an yi gaggawar tsamo ta, bagaruwa ba ta ratsa ba, waje zai yi kyau ciki ɗanye. Damina ɗaya takalmin ya ƙandare ya tsage a lanƙwasar idon sawu. Bayan jima sai a shafa mai a murza har ta yi laushi. Ja daga karan dafi da kanwa, baƙi daga kuloko. Fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, alhali ta can kawai ta bi.

Baduku sai ya auna ƙafa da ƙwauri, ya yanka. Jikin takalmin fatar akuya, ƙasansa ƙirgi. Adon kuwa tun kafin a haɗa ake yin sa: a huda jar fata a fitar da zane, a shimfiɗa koriya a ƙarƙashi ta leƙo, a bi gefe da siririn zaren fata. Basilla ce ke huda hanya, zare ya bi. In za ku saya, ku juya cikinsa ku ga ɗinkin, ku lanƙwasa fatar ku shinshina. Yanzu akwai masu liƙa leda mai ƙyalli da gam, daga nesa ta fi ta gaske ɗaukar ido, Sallah biyu ta fara ɓarewa. Ban ga laifin baduku shi kaɗai ba. Ƙirgin da zai saya an riga an kai shi tukunya an yi ganda.

Huffi kuma, wato safar fatar da ake shafa a kanta wajen alwala, malamai na zaune, Allah ya gafarta, ku gyara mini. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗin shafa a kansa ya zama na fata mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, a iya tafiya da shi, a kuma sa shi da cikakkiyar alwala. Kun ga fiƙihu ne ya yanka wa baduku awo. Huffin da aka liƙa da gam babu ɗinki, to akwai magana.

Akwai baduku a cikinmu da ya zo da kurufa biyu, ɗaya na fata ɗaya na leda. A zagaya da su kowa ya taɓa, sai mu shiga tambayoyi.