Kanikawan Kaduna da Littafin Gyaran Motar Lantarki

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani malamin kanikanci ya gabatar wa masu gyaran mota a Kaduna.

Assalamu alaikum. Iyayenmu manyan gareji, 'yan'uwa kanikawa da masu rewaya, da ku yaranmu masu koyo, sannunku da zuwa.

Garin nan ya daɗe da sanin mota. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, kuma a cikinku akwai waɗanda idan 504 ta shigo gareji, kafin direba ya kashe ta sun gane ciwonta daga kukan injin. Baiwa ce Allah Ya ba ku, ina girmama ta ƙwarai. To amma motar lantarki ba ta kukan da za a saurara. Ba filogi, ba kafireta, ba salansa, ba juyen baƙin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 mutane suka fara waiwayarta, kuma wata rana za a turo ta ƙofar garejinku. Ranar nan, abin da za ku fara ɗauka kafin sifana shi ne littafin gyara na kamfanin da ya ƙera ta.

Ba ɗan littafin da ake ba mai mota nake nufi ba. Akwai babba na makanike, mai zanen wayoyi, da ma'anar kowace lambar matsala, da ƙarfin da ake ɗaure kowane noti. Tesla ta saka nata a intanet kyauta, wasu kamfanonin kuma sai an biya. Ku nemi na motar da ke gabanku ta lambar bodinta mai haruffa da lambobi 17, don shekara tana canza abubuwa. Nissan Leaf ta farko, ta 2010, batirinta kilowat-awa 24 ne, wadda ta fito a 2017 kuma 40.

Yanzu ku ba ni hankalinku, musamman yara. Batirin Leaf yana ɗauke da kusan bolt 360. Wutar soket ɗin gidanku 230 ce, kuma kun san abin da take yi wa mutum. Duk wayar da kuka gani mai ruwan lemo, ita ce mai wutar batirin nan. Littafin ya jera yadda ake kashe ta, kuma tsarin ba ya karɓar tsallake. A kashe mota, a nesanta makulli. A cire kan ƙaramin batir mai bolt 12, wanda motar ke da shi ban da babban. A sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1000, bayan an matse iska a cikinta an tabbata ba ta huje ba. A zare filogin da ke raba wutar babban batir, wanda ya zare ya sa shi a aljihunsa, kada wani ya mayar yana tsakiyar aiki. Sannan a jira minti goma, saboda akwai sassan da ke riƙe wuta bayan an raba su da batir. Bayan haka a auna da mita, mitar ma a fara gwada ta a kan batirin da aka san yana da wuta. Don Allah ogogi, kada mai mota ya tsaya a kanku da gaggawa ku rage minti goman nan. Yaron da ke riƙe muku sifana amanar iyayensa ce a hannunku.

Sau da yawa kuma matsalar ƙarama ce. Za a kawo mota babban batirinta cike, ta ƙi tashi, mai ita ya tsorata. Littafin zai ce ka fara duba ƙaramin batir mai bolt 12, domin shi ne ke kunna kwamfuta ya kuma haɗa makunnin da ke sakin babbar wuta.

Ga wani misali da za ku gamu da shi da damina, idan mota ta kutsa ruwa. Ka jona na'urar gano matsala ta nuna lambar P0AA6. Ma'anarta babbar wuta tana yoyo zuwa bodi. Na'urar ba ta ce ga abin da ya lalace ba, kuma nan ne wasu ke ce wa mai mota batir ya mutu, ya sayi sabo. Littafin kuwa zai bi da kai daki-daki: raba kwamfiresan iyakwandishan ka auna, raba na'urar caji ka auna, haka har ka kai ga mai laifin. Wani lokaci ba ruwa ba ne ma. Kwamfiresan motar lantarki da babbar wuta yake aiki, mansa na musamman ne da wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. Idan mai zuba gas ya sa masa man PAG irin na motocin fetur, ko ya yi amfani da tiyon da ya taɓa shi, yoyon wuta na iya farawa daga nan. Wannan yana rubuce ƙarara, amma sai wanda ya buɗe.

Haka batun jan mota: ba a jan motar lantarki tayoyin da ke tuƙa ta suna ƙasa, a ɗora ta kan babbar mota. Leaf ta 2010 da ta 2017 kuma batirinsu ba ya da ruwan sanyaya, saboda haka a zafin Maris da Afrilu ku ce wa mai ita ya nema mata inuwa.

Baba da ke can baya ya tambaya, littattafan da Turanci suke, yaya wanda bai yi boko ba zai yi? Baba, Allah Ya ƙara girma, rabin littafin zane ne da launin waya, kuma kai ka fi mu karanta waya. Sauran kuwa, akwai yaran da suka gama sakandare a kusan kowane gareji, ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna masu zuwa koyon aiki. Yaro ya karanta, kai ka fassara shi zuwa aiki. Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a fara da shafukan kashe wuta: a mayar da su Hausa, a buga da manyan baƙaƙe, a manna a bangon kowane gareji kafin motar farko ta shigo.