Ruwan da ke zubewa ba a sani ba

Masu sauraro, duk lokacin da famfo ya ƙafe a wani birni, abin da ake fara ji daga bakin hukuma shi ne za a haƙa ƙarin rijiyoyin burtsatse ko a gina sabuwar madatsa. Da wuya ka ji an tambayi inda ruwan da aka riga aka tace ya shige. Alhali ruwan daɗi bai wuce kashi 2.5 cikin 100 na ruwan duniya ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan ɗan abin a daskare yake cikin ƙanƙara.

Akwai biranen da kashi ɗaya cikin uku na ruwan da suka tace, ko ma fiye, ke salwanta tsakanin matatar ruwa da gidajen jama'a. Fashewar da ake gani tana malala a titi ba ita ce babbar ɓarna ba, domin ana kai rahotonta a gyara. Ƙaramin yoyo na ƙarƙashin ƙasa, wanda zai shekara yana tsiyaya ba wanda ya sani, shi ke cinye ruwan. Hanyar kama shi sananniya ce. A raba gari shiyya-shiyya, kowace da gidaje 1,000 zuwa 3,000, a bar mata bututun shiga guda ɗaya, a ɗaura masa mita. Sai a karanta mitar tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, lokacin da kowa ya kwanta. In har tana gudu a wannan lokaci, to ƙasa ce ke shan ruwan. Daga nan ma'aikata su bi layi da sandar saurare, su ɗora ta a kan bawul ko bututu, su kara kunne har su ji sautin tsiyayar.

Da dare ƙarfin ruwa ke ƙaruwa a bututu saboda ba mai ɗiba, kuma gwargwadon ƙarfin, gwargwadon yoyon. Bawul mai rage ƙarfi a bakin shiyya yana rage asarar tun kafin a tona ko'ina. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya yi haka lokacin farin da aka yi a 2018, ya kuma taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, har ruwan da birnin ke sha ya ragu da kusan rabi. Rabon ruwa na yau a ba wannan unguwa gobe a ba waccan kuwa, illarsa ta fi amfaninsa. Bututun da ya zama fanko yana zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi ta ramukan yoyo, in kuma aka sako ruwa da ƙarfi sai mahaɗai su tsage.

Amma kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba, gona yake tafiya. Tun daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya don noman auduga, Tekun Aral da kogunan ke malala cikinsa ya janye ya bar jiragen kamun kifi a kan rairayi. Ban ruwa na malale yakan zubar da kusan rabin ruwan, na ɗigo kuwa, wanda bututu ke ɗiga ruwa a gindin shuka, yana kai kimanin kashi 90 cikin 100 ga saiwa. Sai dai ƙofofin ɗigon ƙanana ne, yashi da gansakuka na toshe su, don haka dole a sa matata bayan injin, a riƙa buɗe ƙarshen layukan ana wanke su. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: manomin da ya rage ruwa da rabi yakan ninka gonarsa, sai a tashi ruwan da ake ɗiba a kogi bai ragu ba. Na'ura ba ta isa ba sai an ƙayyade abin da kowa zai ɗiba.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya fi ban tsoro, don ba a ganin raguwarsa. Bai kamata a sa wa sabuwar burtsatse famfo ba sai an gwada ta, a ja ruwa awa 24 zuwa 72 ba tsayawa, ana auna yadda yake sauka da yadda yake farfaɗowa, sannan a zaɓi injin da bai fi ƙarfinta ba. Rijiyoyin da aka haƙa kusa da juna kuwa ruwa ɗaya suke ja, mai zurfi ta ƙafar da maƙwabciyarta. A bakin teku, in ruwan daɗi ya sauka da mita 1, ruwan gishirin da ke ƙarƙashinsa na iya hawowa kusan mita 40. Jakarta da birnin Meziko suna nutsewa ne saboda yawan zuƙar ruwa, kuma yumɓun da ya riga ya danne ba ya sake buɗewa ko da damina ta yi kyau. Saboda haka ya wajaba hukumomin ruwa su yi wa kowace burtsatse rajista, su ɗaura wa manyan masu ɗiba mita, su riƙa auna zurfin ruwan kowane wata suna sanar da jama'a.