Yadda Ake Rubuta Yarjejeniyar API da Harshen IDL

Masu kallo, duk lokacin da manhajar wayarku ta nemi farashin kaya ko ta tura kuɗi, tana magana ne da wata kwamfuta mai nisa ta wata ƙofa da ake kira API. Wannan magana ba ta yiwuwa sai ɓangarorin biyu sun amince tun farko a kan abin da za a tambaya, da siffar amsar da za a bayar, da irin kuskuren da ka iya dawowa. Harshen bayyana mahaɗa, wanda masana ke taƙaitawa da IDL, da shi ake rubuta wannan yarjejeniya ta yadda mutum zai fahimta, na'ura ma ta iya aiki da ita.

Dabarar ta daɗe, domin CORBA, wani tsarin haɗa manhajoji a kan kwamfutoci daban-daban, ya zo da irin wannan harshe tun 1991. Wasu irinsa sun biyo baya: Facebook ya saki Thrift a 2007, Google ya saki Protocol Buffers a 2008, shi kuwa Swagger, wanda ya fito a 2011, shi ne ya koma OpenAPI daga baya.

Mu tsaya a kan Protocol Buffers. A ce muna da ɗan fayil da ke bayyana saƙo mai suna Kaya, kuma yana da gurabe uku: suna mai lamba 1, farashi mai lamba 2, adadi mai lamba 3. Manhajar protoc, wadda ke fassara fayilolin Protocol Buffers, za ta karanta wannan ɗan fayil ta fitar da rubutun aiki a harsunan gina manhaja kamar Java ko Python ko C++, saboda haka mai gina manhajar waya da mai kula da uwar garke, wato kwamfutar nan mai nisa, duk daga tushe ɗaya suke ɗiba, ba wanda ke dogara da abin da aka faɗa masa da baki.

A ganina, hikimar tsarin tana cikin waɗannan lambobi, domin idan saƙo ya bi intanet a dunƙule, lambar gurbi ce ke tafiya tare da bayanin, sunan yana nan a fayil. Idan aka ƙara gurbi na 4 gobe, tsohuwar manhajar da ba ta san shi ba za ta tsallake shi ta ci gaba da aikinta. Haɗarin yana zuwa ne idan aka goge farashi, sannan aka ba wa nauyin kaya lamba 2, domin wayar da ba a sabunta ba za ta karanta nauyi a matsayin kuɗi, ba tare da wani gargaɗi ba. Shi ya sa harshen ya tanadi kalmar reserved, wadda ke killace lambar da aka yi ritaya da ita, har protoc ta ƙi amincewa idan wani ya sake ɗaukarta. Lambobi daga 1 zuwa 15 kuma bayit ɗaya tak suke ci (bayit ƙaramin ma'auni ne na girman bayanai), don haka a keɓe su ga guraben da aka fi yawan aikawa.