Layi Uku Ga Kowace Ƙaramar Hukuma: Aiki Da reframe A Cikin R

Assalamu alaikum jama'a. A ce an aiko muku da farashin tiyar gero daga kasuwannin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, tun daga Jibiya da Mai'adua har Funtuwa. Matsakaicin farashi shi kaɗai ba ya nuna yadda kasuwa ke ci. Kuna son adadi uku ga kowace ƙaramar hukuma: in an jera farashin daga ƙarami zuwa babba, wanda ya faɗo a kwata, na tsakiya, da na kwata uku.

Da farko, a cikin R, manhajar nazarin bayanai, ku kira dplyr, ƙunshin kayan aikin sarrafa tebur, ku raba bayanan da group_by bisa sunan ƙaramar hukuma. Daga nan hannu kan tafi kai tsaye ga summarise, amma shi layi ɗaya aka gina shi ya bai wa kowane rukuni. Tun dplyr 1.1.0, wanda ya fito a 2023, reframe ne mai aikin layi da yawa. A cikinsa ku kafa ginshiƙi biyu. Na farko ya ɗauki 0.25 da 0.5 da 0.75, na biyu kuma ya ɗauki quantile na farashi a kan waɗannan ukun, wato farashin da ya faɗo a kowane matsayi. Kada ku tsallake na farkon, don in babu shi, gobe ku kanku ba za ku gane wane layi ne na tsakiya ba.

To yanzu ku ƙirga. 34 sau 3, layi 102 ke nan. In kun ga 105, wani ya rubuta Daura da ƙaramin baƙi, ko ya bar fili bayan sunan, R kuma ya ɗauke ta a matsayin wani gari daban. Ku share filin da trimws, ku daidaita baƙaƙen, sannan ku sake rabawa.

Sai gurbin da ba a cike ba, wato NA. Shi mean, mai fitar da matsakaici, shiru zai yi ya miƙo muku NA, amma quantile tsayawa yake cak har sai kun sa na.rm ya zama TRUE.

Ga wadda ta fi kayar da mutane. In kun ƙara ginshiƙin n(), mai ƙirga layuka, don sanin yawan farashin da aka tattaro, adadin zai maimaitu a duk layuka ukun. Kuka tara wannan ginshiƙin, lissafinku ya ninka sau uku, kuma babu gargaɗin da zai fito a allo.

Don rahoto, pivot_wider na ƙunshin tidyr zai baje adadi ukun a gefen juna, tebur ya koma layi 34.