Haƙoran Roba da Bakin da Zai Ɗauke Su

Jama'a, barkanmu da warhaka.

Baligi yana da haƙora 32, kowanne na jingine da ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya fita aka bar giɓin, na gefe sai su fara karkatowa, na samansa kuma ya riƙa zazzagowa tunda babu mai tare shi. Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani. Ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar yakan fara zaizayewa, da sauri a watannin farko, daga baya a hankali, kuma ba ya dainawa. Shi ya sa kumatu ke lotsawa.

Ku dubi wannan jerin haƙoran roba da ke hannuna. Na sama ne, ga shi da faɗi, yana mannewa a ganɗa da taimakon yawu. Na ƙasa kuwa ba shi da wannan gatan, harshe na ture shi, wurin zamansa ɗan siriri ne. Don haka idan na ƙasa ya ba ku wahala a makonnin farko, kada ku jefa shi a aljihu. Yawu zai yawaita, magana za ta ɗan sauya, duk za su daidaita. Ku fara da abinci mai laushi, ƙananan loma, kuna taunawa ta ɓangarorin biyu lokaci guda.

To, robar tana nan yadda aka ƙera ta, dasashi ne ke ramewa a ƙarƙashinta. Ranar da ta fara rawa ko tana gurje ku, ku koma wurin likitan haƙori ya cike cikinta. Don Allah kada ku kankare ta da wuƙa.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko za ta iya kwana da su. A'a, Hajiya. Dasashi na bukatar hutu, kuma ƙwayoyin cuta na son ɗumin da ke ƙarƙashin robar, har wurin ya yi ja. Ki cire, ki wanke da burushi mai laushi da sabulu, ban da man goge baki domin yana karce su. Ki yi wankin a saman kwano mai ruwa saboda suɓucewa, sannan su kwana cikin ruwa mai sanyi; ruwan zafi lanƙwasa su yake yi. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, ki kai a duba shi.